Sabo Turken Wawa? Abin Da Ke Sa Ma'aikata Turje Wa Tsarin Kula Da Muhalli

A cikin shekarar 1988 ne jama'ar Nijeriya suka wayi gari da wani labari mai tayar da hankali, cewa wasu 'yan kasuwa daga ƙasar Italiya sun lallaɓo da jiragen ruwa sun jibge dubban ganguna cike da sharar masana'antu mai guba a wani fili da ke garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, wurin da a yau yake ƙarƙashin Jihar Delta. Gwamnatin Mulkin Soja ta wancan zamani ba ta yi sanya ba. Ta matsa lamba har aka kwashe sharar aka fitar da ita daga ƙasar nan, sa'an nan kafin shekarar ta ƙare ta kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga duk wanda aka kama yana safarar irin wannan shara, da kuma Doka ta 58, wadda ta haifi Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, watau FEPA.

Daga nan dokoki suka yi ta biyo baya. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta tace dagwalonta kafin ta sake shi. A 1992 aka kafa Doka ta 86 wadda ta hana soma kowane babban aiki sai an auna illar da zai yi wa ruwa da iska da ƙasa. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta haɗiye FEPA. A 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin waɗannan ƙa'idoji. Ke nan ta fannin doka ba a bar ƙasar nan a baya ba.

To, amma kafa doka daban, bin ta daban. Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano ya san launin ruwan da ya sha gani yana kwarara a magudanu, ya kuma san warinsa. Tsakanin takardar doka da bakin magudana akwai mutane: mai kamfani, da akanta, da manajan aiki, da heluma, da leburan da ke tsaye gaban inji. In waɗannan ba su sauya yadda suke aikinsu na yau da kullum ba, to, babu abin da ya sauya.

Mene ne tsarin?

Abin da ake kira tsarin kula da muhalli ba wani inji ba ne da za a sayo daga Jamus a girke a bayan masana'anta. Hanya ce ta tafiyar da aiki. Hukumar kamfani za ta zauna ta bi aikinta ɗaki-ɗaki, ta rubuta duk inda yake taɓa ruwa ko iska ko ƙasa, ta tattara dokokin da suka hau kanta, ta ɗibar wa kanta buri da wa'adi, alal misali rage ruwan da ake ɓarnatarwa cikin shekara guda. Sa'an nan a ɗora wa kowane aiki sunan mai yin sa, a horar da ma'aikata, a riƙa aunawa ana rubutawa, a riƙa binciken kai da kai, shugabanni kuma su riƙa zama suna duba sakamako suna gyara inda aka kauce. In an kai ƙarshe sai a sake komawa farko.

Ingila ce ta fara tsara wannan a hukumance a 1992, shekarar da aka yi babban taron duniya kan muhalli a birnin Riyo na ƙasar Birazil. Ƙasashen Tarayyar Turai suka fito da nasu a 1993. Daga bisani, a 1996, Ƙungiyar Daidaita Ma'auni ta Duniya, watau ISO, mai hedkwata a Janeba, ta fitar da ma'aunin da aka fi sani a ko'ina, ISO 14001, wanda aka yi wa kwaskwarima a 2004 da 2015. Kamfanin da ya cika sharuɗɗa, masu bincike daga waje sukan ba shi satifiket na shekara uku, suna kuma dawowa kowace shekara su ga ko yana nan kan bakansa. A nan gida Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana cikin masu ba da wannan shaida. Ba masana'antu kaɗai abin ya shafa ba; asibiti ko jami'a ko ma'aikatar gwamnati duk suna iya ɗaukarsa.

A takarda, wa zai ƙi wannan? Amma ran da aka shigo da shi wurin aiki, ran nan ake fara jan ƙafa.

Kowa da dalilinsa

Abu ne mawuyaci a ga ma'aikaci ya miƙe a gaban manaja ya ce ba zai yi ba. Abin da aka fi ji shi ne, “To, ranka ya daɗe, an ji.” Bayan nan ne turjiyar take bayyana ta hanyoyin da kowane tsohon ma'aikaci ya sani. Fom ɗin da aka ce a cika kullum sai a cika na mako guda a zama ɗaya, da biro ɗaya, da lambobi masu kama da juna. Injin tace ruwa sai ya yi ta barci, ba a tayar da shi sai ran da aka ji ƙishin-ƙishin masu bincike na tafe. Kwamitin da aka kafa da ɗoki sai ya yi zama biyu, na uku a ce shugaba ya yi tafiya.

Manyan ofis sukan yi saurin yanke hukunci su ce jahilci ne, ko taurin kai, ko kuma sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa. Sabo kam yana ciki. Amma in aka tsaya aka duba da idon basira, kusan kowane mai turjiya yana da lissafin da ya yi, kuma galibi lissafin daidai ne daga inda yake tsaye.

A ɗauki manajan aiki a majemar zamani. A ƙarshen wata abin da za a tambaye shi shi ne fata nawa ya fitar. Babu mai tambayarsa lita nawa ta dagwalo ya tace. In ya tsayar da inji na sa'a guda domin a gyara bututun da ke yoyo, adadin fatarsa ne zai ragu, shi ne kuma zai sha faɗa. Mutumin da ake auna shi da mudu ɗaya sa'an nan a ce ya cika wani mudu dabam, ai ya san wanda zai fara cikawa. Akanta shi ma abin da yake gani shi ne kuɗin man janareta da na magunguna da na masu ba da shawara, alhali ribar da ake yi masa alkawari tana can gaba, ba ta da shafi a littafinsa.

Lebura kuwa nasa ya fi nauyi. An ƙara masa aiki ba a ƙara masa kwabo ba. An miƙa masa fom da Turanci, wataƙila ma da irin Turancin da mai digiri sai ya nemi ƙamus. Sa'an nan babban abin tsoro: an ce duk ran da magani ya zube ya rubuta ya sa hannu. Shekara da shekaru ya saba cewa wanda aka samu da ɓarna ana yanke masa albashi ko a sallame shi. Ta yaya zai ɗauki biro ya rubuta takardar da gobe za ta zama shaida a kansa? Shi kuma heluma, wanda ya yi shekara ashirin yana auna magani da ido da hannu, ga shi an kawo masa wani saurayi da ya gama makaranta jiya yana riƙe da fayil yana gaya masa yadda ake aiki. Wannan ba muhalli yake ƙi ba. Girmansa yake karewa.

Darasi daga masana'antar kayan barci

Wannan matsala ta girmi maganar muhalli. A garin Mariyon na Jihar Bajiniya a Amurka akwai wata masana'antar ɗinka kayan barci ta kamfanin Harwood, mai ma'aikata kimanin 600, mafi yawansu mata, waɗanda ake biya gwargwadon aikin da kowace ta fitar. Hukumar kamfanin ta lura cewa duk sa'ad da aka sauya wa ma'aikata salon aiki, ko da ɗan kaɗan ne, sai aiki ya faɗi ya daɗe bai tashi ba, wasu ma su ajiye aikin ɗungurungum. Shugaban kamfanin, Alfred Marrow, almajiri ne ga shahararren masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin, wanda ya baro Jamus a 1933, don haka sai ya buɗe ƙofar masana'antar ga masu bincike. Biyu daga cikinsu, Lester Coch da John French, suka yi wani gwaji suka buga sakamakonsa a 1948.

Sun kasa ma'aikatan da za a sauya wa aiki rukuni-rukuni. Rukuni na farko, masu guga, aka tara su kamar yadda aka saba, aka shaida musu cewa aiki ya sauya, ga sabon farashi, aka amsa tambayoyinsu, aka sallame su. Rukuni na biyu aka yi musu bayani sosai, suka zaɓi wakilai aka tsara sabon aikin tare da su. Sauran kuwa, ƙananan rukunoni biyu, kowace ma'aikaciya aka zauna da ita aka tsara.

Yadda aka yi bayanin ma abin lura ne. Ba doguwar lacca aka yi musu ba. An ɗauko riguna biyu iri ɗaya, ɗaya ta 1946 ɗaya ta 1947, aka ce su nuna mai arha. Suka kasa, alhali ta farkon an sayar da ita ninkin kuɗin ta biyun. Da idonsu suka ga yadda kasuwa ta faɗi, da kuma dalilin da ya sa tilas a rage kashe kuɗi.

Ma'aunin aiki a masana'antar shi ne 60 a sa'a. Rukunin da aka ba umarni kawai ya faɗo zuwa wajen 50 ya tsaya a nan, aka yi ta rigima da masu kula da su, kuma kashi 17 cikin 100 suka bar aiki cikin kwana 40 na farko. Masu wakilai suka farfaɗo cikin mako biyu. Waɗanda aka zauna da kowa da kowa kuwa, bayan 'yar tangarɗa ta ranar farko, sai suka koma inda suke har suka zarce da kimanin kashi 14 cikin 100, babu kuma wadda ta tafi. Abin da ya fi ban sha'awa ya zo daga baya. Bayan wata biyu da rabi aka sake tattara ragowar rukunin farko, mutum 13, waɗannan dai da aka ɗauka masu taurin kai ne, aka sauya musu aiki, amma a wannan karo aka yi shawara da su. Nan da nan suka kama, suka wuce ma'auni.

Ba a ce wannan gwaji ba shi da masu suka ba. Da aka maimaita irinsa a wata masana'antar takalma a ƙasar Nowe, aka buga sakamako a 1960, ba a ga wani bambanci a yawan aiki ba, wasu masana kuma sun nuna cewa kyakkyawan bayani da horon da aka ba rukunonin na iya zama su ne asirin, ba shawarar kaɗai ba. Ko da hakan ne, ga mai shirin shigo da tsarin muhalli duk hanyar ɗaya ce, domin bayani da horo da shawara su ne abubuwan da aka fi tsallakewa in ana gaggawar karɓar satifiket.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

A sha'anin muhalli akwai wani ƙarin dalili na jawo ƙananan ma'aikata a jika, wanda ya wuce lallashi. Su ne suka san gaskiyar wurin. Mai ba da shawara da aka ɗauko daga Legas zai yi kwana uku ya tafi. Wanda ke wanke inji da asuba shi ya san famfon da ba ya rufuwa da ramin da ke ambaliya in an yi ruwan sama.

Kamfanin 3M na Jihar Minesota, mai yin salatif da takardar goge katako da ɗaruruwan kayayyaki, ya gane haka tun 1975, lokacin da wani injiniyansa, Joseph Ling, ya jagoranci wani shiri mai taken cewa rigakafin gurɓata muhalli riba ne. Maimakon a jira datti ya fito sa'an nan a sayi injin kama shi, sai aka ce ma'aikata da kansu su kawo dabarun hana shi fitowa. Sharaɗin karɓar dabara shi ne ta rage gurɓatawa, ta kuma rage wa kamfani kashe kuɗi, wanda ya kawo ta kuma a karrama shi da sunansa. Ta haka aka maye gurbin wasu magunguna masu tashi a iska da ruwa zalla wajen shafe ƙwayoyin magani, aka huta da sayen injin tace hayaƙi. Dubban dabaru irin wannan aka tara cikin shekarun da suka biyo baya. Hikimar shirin ita ce ya sa akanta da injiniya sun koma duban shafi ɗaya.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai an cire tsoro. Kamfanin da yake so a riƙa ba da rahoton zubewar magani, tilas ne ya bambanta kuskure da ganganci, ya kuma nuna haka a aikace. Ran da lebura na farko ya kai rahoto aka yanke masa albashi, ran nan littafin rahoto ya mutu, zai ci gaba da zama fari fat, manaja kuma ya yi ta murna wai babu matsala. Haka nan fom da allon gargaɗi, in ba a rubuta su da harshen da mai aikin yake ji ba, Hausa ko Ajami ko ma zane, to ado ne kawai. Heluma kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a sa shi ya zama mai koyarwa, a rubuta ƙa'idar aiki daga bakinsa, a gyara inda ya kamata tare da shi.

Sai kuma na sama. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne a naɗa wani ƙaramin jami'i a ce shi ne “mai muhalli”, a ba shi tebur da fayil, ba kasafi ba iko, kowa ya sauke nauyi a kansa. Masu tsara ma'aunin ISO 14001 sun ga wannan, shi ya sa a gyaran 2015 suka cire sharaɗin naɗa wakili guda, suka ɗora alhakin kacokan a wuyan shugabannin ƙoli. Ma'aikata ba jawabin janar manaja suke saurara ba, abin da ya yi suke kallo ran da injin tace ruwa ya lalace ga kuma oda tana jiran jirgi. In ya ce a ci gaba da aiki a saki dagwalo da dare, to ya gama yi wa kowa bayanin matsayin tsarin.

In lallashi ya ƙi

Turjiyar masu kamfani ita ce mafi wuyar sha'ani, kuma sau da yawa kasuwa ce take karya ta. A 1999 kamfanin motoci na Ford ya sanar da masu sayar masa da kayan haɗi cewa duk masana'antunsu sai sun mallaki ISO 14001 kafin 1 ga Yuli, 2003. Masu jan ƙafa da yawa a ran nan suka gano cewa abin mai yiwuwa ne. A harkar fata ma, tun 2005 manyan kamfanonin takalma da jakunkuna suka haɗu da majemu suka kafa ƙungiyar da ke binciken yadda majema take sarrafa ruwa da magunguna, kuma da yawa daga manyan masu saye sukan nemi wannan shaida kafin ciniki.

Ƙasar Bangaladash ta ɗanɗana kuɗar jinkiri. Tun 2003 gwamnati ta soma shirin kwashe majemun unguwar Hazaribag da ke Daka, waɗanda suka kashe kogin Buriganga, zuwa sabon matsuguni a Sabar. Masu majemu suka yi ta neman ƙarin wa'adi, har sai a 2017 da kotu ta sa aka yanke musu wuta da gas da ruwa. Suka tashi ala tilas, amma babban injin tace dagwalo na sabon wurin bai yi aiki yadda ya kamata ba, sai ƙazantar ta koma wani kogin. An sauya wuri, ba a sauya hali ba.

Wannan labari bai kamata ya wuce kunnen Kano ba, garin da sunansa ya kai Turai ta dalilin fata tun zamanin fatake, lokacin da ake jima da bagaruwa. Majemun zamani da gishirin kurom suke aiki, kuma a hanyar da aka saba kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan gishiri ba ya shiga fata, yana bin ruwa ne ya fita. Gishirin nan kuwa da kuɗin waje ake sayo shi. Akwai sananniyar dabara ta kama shi: a ware ruwan jima kada ya gauraya da sauran, a zuba masa garin maganiziyam kurom ɗin ya kwanta, a narkar da shi da asid irin na ruwan batir, a mayar da shi aiki. Dabarar ba ta da wani sirri. Inda take tsayawa shi ne wurin ware ruwan, domin hakan yana bukatar mai aikin dare ya buɗe wannan famfo ya bar wancan, kullum, ko da babu mai ganinsa. Haɗa ruwan jima mai tsami da ruwan cire gashi ma haɗari ne ga shi kansa ma'aikacin, don yana tayar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ta sha kashe masu yasar ramukan majemu a ƙasashe da dama. Lebura da aka yi wa wannan bayani ba ya bukatar a tsaya a kansa.

Jami'an gwamnati masu zuwa bincike su ma suna da rawar takawa, kuma ba a ofishin manaja ake taka ta ba. Satifiket a jikin bango da fayiloli a jere ba su wuce shaidar cewa an iya rubutu ba. NESREA ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da majemu tun 2009, amma jami'in da ke son sanin ko ana bin su sai ya zaga baya, ya tambayi mai kula da inji ina ruwan nan yake zuwa, wa yake gaya wa in ya zube, me kuma ya faru da wanda ya faɗa na ƙarshe.

Amsar tambaya ta farko dai sananniya ce. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Chalawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar ruwa ta Wasai. A gefen waɗannan rafuka manoman rani suke kafa injinan ban-ruwa suna shuka latas da kabeji da alayyafo da karas, kuma bincike-binciken da malaman jami'o'i suka sha yi sun nuna kurom da dalma a ruwan da ƙasar wurin. Da sassafe ake ɗora kayan lambun a kan babura da a-kori-kura a shigo da su kasuwannin birni, inda matar manaja da matar lebura suke aiken yara cefane.